Yadda ake canza ƙaramin batir a motar iyali mai fetur da caji

Wata Asabar cikin Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, wani Alhaji ya aiko yaronsa garejinmu tun kafin mu gama shara. Motar iyalinsa ta kwana lafiya, an ma cika mata caji da daddare, da safe kuma ta ƙi ko motsi. Allon gaban direba sai walƙiya yake da fitilun gargaɗi, ƙofofin gefe sun ƙi zamewa, giya ta kafe a P. Da na isa na tarar samari huɗu sun naɗe hannun riga za su tura. Na ce, "Alhaji, a dakata da turin nan, irin wannan ba ta tashi da turi." Ya ce, "Malam, an ce mini babban batirin ne ya mutu, kuma kuɗinsa ya kusa na wata motar." Na ɗora mitar auna wuta, na ga ƙaramin batirin bai kai volt 11 ba. Shekarunsa ne suka cika, zafi ya ƙarasa shi. Babban batirin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Motar Chrysler Pacifica Hybrid ce, irin wadda aka fara fitarwa a 2017, an haɗa ta a Windsor ta ƙasar Kanada. Ita zan ɗauka misali, don ita ce motar iyali mai ƙofa mai zamewa da ake jona wa caji wadda aka fi sani. Tana da injin fetur V6 mai lita 3.6, da babban batir na lithium mai kilowat-awa 16 shimfiɗe ƙarƙashin kujerun tsakiya, wanda ke kai ta kusan kilomita 50 ba ta sha ɗigon mai ba. Ban da shi akwai ƙarami mai volt 12, irin na kowace mota, kuma shi ne maganarmu.

Me ya sa ƙarami ke tsayar da babba

Wannan mota ba ta da kik irin wanda muka saba, ba ta da altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki. Injin lantarkin da ke cikin giya shi ke juya injin fetur, da ƙarfin babban batir. To amma idan an kashe mota, babban batirin a kulle yake, akwai makunnai a cikinsa da ke yanke shi daga sauran jikin mota don kada ya kashe mutum. Ƙaramin batir ne ke tayar da kwamfutocin mota, su kuma su ba da izinin buɗe waɗannan makunnai. In ya yi sanyi, to an kulle rumbu cike da hatsi an ɓatar da mabuɗi. Da zarar mota ta tashi, wata na'ura ce ke rage ƙarfin wutar babban batir zuwa wajen volt 14, ta ciyar da fitilu da rediyo, ta kuma mayar wa ƙaramin abin da ya kashe.

Shi ya sa mutuwarsa ke zuwa ba sallama. A tsohuwar mota kana jin kik yana jan ƙafa kwana biyu ko uku, ka san lokaci ya yi. Nan babu wannan gargaɗi, sai saƙonni barkatai a allo, ko rimot ya riƙa gardama, ko mota ta ƙi karɓar caji.

Kafin ka kashe ko sefa ɗaya, auna. Bari motar ta kwana a kashe, da safe ka buɗe bonet, wato kapo a bakinmu na nan, ka nemi jan murfi mai alamar +. Ƙarƙashinsa akwai ƙarfen da aka tanada don jona batirin taimako. Ɗora jan tsinken mita a kansa, baƙin a kan ƙarfen jikin mota marar fenti. Volt 12.6 zuwa 12.8 lafiya ce. Wajen 12.3 ya fara gajiya ko bai ƙoshi da caji ba. Ƙasa da 12 kuwa, ko a yi masa caji a sake gwadawa ko a nemi sabo. In ya haura shekara uku a wannan rana tamu, ni ba na ɓata lokacin cajin. Masu ilimin batir na cewa duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Ka lissafa da motar da ke wuni a rana a Marwa ko Kusseri ko Njamena.

Sayen sabo

A nan mutane suka fi faɗawa rami, ba wajen kwance noti ba, don haka zan ɗan daɗe.

Batirin wannan mota cikin ɗakin fasinja yake zaune, a baya, inda yara ke numfashi. Dole ya zama irin da ake kira AGM, wanda ruwansa ke tsotse cikin auduga ta gilashi, ba ya zuba, ba a ƙara masa ruwa. Motar ma da tsarin cajin irinsa aka yi ta. Mai shago zai iya nuna maka batir marar murafu ya ce ai duk ɗaya ne, ba a buɗe shi. Ba ɗaya ba ne. Rufaffen batir na iya zama mai ruwa a ciki. Wanda aka rubuta wa EFB shi ma mai ruwa ne. Batirin sola da ya cika kasuwanninmu yanzu aikinsa dabam, kada ya shiga motarka ko da an rage maka rabin kuɗi. Nemi haruffan nan uku a jikinsa da idonka.

Sai girma. Buɗe wurin tsohon ka ɗauki hoton takardar jikinsa da wayarka kafin ka tafi kasuwa. In ka ga H6, shi ne wanda 'yan Amurka ke kira 48, Turawa kuma L3: tsawo milimita 278, faɗi 175, tsayi 190. Yawancin kayan da ke zuwa mana ta Duwala da lambar Turai suke zuwa, saboda haka L3 za ka fi ji a bakin 'yan kasuwa. Ka tafi da abin awo. Batiran motocin Japan da suka fi yawa a shagunanmu sun fi wannan tsayi, kuma galibinsu ba su da leɓen nan na gindi da maƙalli ke kamawa. Duba kuma gefen da jan kai yake: ka ajiye sabon kamar yadda tsohon ke zaune a hoto, kan + ya faɗo daidai inda na tsohon yake. Wayoyin gajeru ne, ba za su miƙe su tsallaka ba, kuma wanda ya tilasta su ya jona a juye ya ƙone abin da ya fi batir tsada nesa ba kusa ba. Ƙarfinsa, wato lambar Ah, kada ta gaza ta tsohon.

Abu na uku shi ne shekarunsa a kan kanta. Batir na tsufa ko ba a taɓa ɗaura shi ba, balle wanda ya yi wata da watanni a kwantena da shago mai rufin kwano. Nemi tambarin watan da aka yi shi, sannan ka fito da mitarka a gaban mai shago. In bai kai 12.5 ba, ka ce a kawo wani. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ka karɓi rasit mai kwanan wata.

In da hali, a ƙosar da shi caji kafin a ɗaura, da caja mai wurin zaɓen AGM. Kada ka kai shi wurin masu cajin bakin titi da ke jera batir goma a kan babbar na'ura ɗaya marar linzami. Irin wannan caji yana haura volt 15, ya busar da AGM daga ciki, kuma abin da ya bushe ba ya dawowa.

Kayan aiki kaɗan ne: sifana mai lamba 10, da soket mai dogon hannu da 'yan kawuna don maƙallin gindi, abin ɓanɓare roba ko sukudireba da aka naɗe wa tsumma, mita, tocila, tef na wuta, safar hannu, tabarau, da tsumma mai tsabta. Cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa in ya haɗa jan kai da jikin mota, cikin ƙiftawar ido yake yin ja ya gasa yatsa.

Kwantar da motar tukuna

Ajiye ta a inuwa, a fili marar gangara, inda za ta iya zama ko da aikin ya ja lokaci, domin muddin babu batir ba za ka iya fitar da ita daga P ta hanyar da ka saba ba. Zare igiyar caji daga jikinta, ka rufe murfin. Wannan mataki ba a tsallake shi: mota tana caji tana tura wuta zuwa wayoyin ƙaramin batir, ko da ka cire batirin wayar na da rai. Sauke gilashin direba, buɗe ƙofar baya ta but ka bar ta a sama, sannan ka kashe mota gaba ɗaya, ka tabbata kalmar READY ta ɓace daga allo. Motar nan ba ta da ƙara, mutum na iya zaton a kashe take alhali a kunne take. Kai rimot cikin gida, nesa da ita. Ka jira kamar minti goma, ba buɗe ƙofa ba taɓa komai, har kwamfutocin su yi barci.

In batirin ya riga ya mutu murus har but ya ƙi buɗewa, kawo wani batir mai lafiya ka jona a wurin nan na ƙarƙashin kapo: ja a kan +, baƙi a ƙarfen jiki. Buɗe but, sauke gilashi, sannan ka cire na taimakon kafin ka fara aiki. Ba a kwance batir alhali wani na jone a gaba.

Ga iyaka guda da ba a ƙetarewa. Duk wayar da ka gani mai kauri, launin ruwan goro, ta babban batir ce, tana ɗauke da sama da volt 300. Aikinmu bai shafe ta ba ko kaɗan. Kada ka taɓa, kada ka jingina ƙarfe a kanta, kada ka bar yaron gareji ya ce bari ya duba.

Cire tsohon

A Pacifica mai caji batirin na can baya, gefen direba, bayan robar bangon but. Kada ka ruɗe da mai fetur zalla, wadda nata ke ƙarƙashin kapo, wasu ma guda biyu ne. Buɗe murfin a hankali. Robar da ta sha rana tsinkewa take yi kamar busasshen kara, kuma samun maƙallanta a nan wahala ne. Haska tocila ka ɗauki hoto biyu ko uku: yadda wayoyi suka bi, inda maƙalli yake, da wani siririn bututu da ke fita daga gefen batir.

Fara da baƙin kai mai alamar −, wanda muke ce wa mas. Dalilin yana da sauƙi. Duk jikin mota mas ne. In ka fara da ja, sifana ta goge ƙarfen jiki, ka haɗa wuta kai tsaye, ga tartsatsi a lungun da fuskarka take. In ka fara da baƙi, ko sifana ta taɓa jiki babu abin da zai faru, kuma da zarar ya fita jan ma ya zama marar haɗari. Sassauta notin kawai, ba sai ka zare shi ba, ka murɗa kan dama da hagu ya fito. Kada ka buga da guduma. In ka ga wani ɗan akwati baƙi manne da kan mas ɗin da siririyar waya, na'urar da ke auna lafiyar batir ce take kai wa kwamfuta rahoto. Lallaɓa ta kamar ƙwai, kada ka ja wayarta, kada ka sa sukudireba ƙarƙashinta ka ɓanɓara. Naɗe kan da tsumma ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa batir da kansa ba.

Sannan ja. Ɗaga murfinsa, sassauta notin da ke matse kan batir kaɗai. In akwai wasu notuna da fis a jikin farantin, ba ruwanka da su, farantin gaba ɗaya yake fita. Naɗe shi da tef ko tsumma.

Zare siririn bututun nan daga gefen batir. In yana da ɗan gwiwar roba, ka adana shi, don sabon batir ba lallai ya zo da nasa ba. Kwance maƙalli, ka zuba notunan a aljihu ko kwano. Wanda ya faɗa bayan robar nan sai an kwance rabin but kafin a gan shi. Batirin ya kai kilo 20, wurin kuma matsattse ne, don haka jawo shi bakin rami tukuna, ka durƙusa ka rungumo shi da hannu biyu, ba ka sunkuya ka fizga da baya ba.

Share gurbin. Ƙurar hunturu na shiga har nan. In akwai farin gari a kan wayoyi, goge da burushi ko 'yar takardar yashi har ƙarfen ya yi haske.

Ɗaura sabon

Kafin ka saka shi, dubi gefunansa biyu na sama. Akwai ƙaramin rami a kowane gefe. Ɗaya na bututu ne, ɗayan kuma dole a toshe shi; toshiyar kan zo tare da sabon batir, wani lokaci manne da jan murfinsa, in babu ka ciro ta tsohon. Na sha buɗe mota in tarar an bar bututun nan yana lilo, kuma abin na ɓata mini rai, don aikin daƙiƙa biyar ne. Batir in ya sha caji fiye da kima yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, bututun shi ke fitar da ita waje ƙarƙashin mota maimakon cikin ɗakin da iyalinka ke zaune gilashi a rufe. Hura shi ka tabbata zanzaro bai gina ɗaki a ciki ba.

Zaunar da batir, jan kai a gefen da hoto ya nuna. Ɗaure maƙalli har ya zamana ka girgiza shi da hannu bai motsa ba. Wanda ya san hanyar Marwa zuwa Kusseri ya san abin da ramuka ke yi wa duk abin da ba a ɗaure ba, kuma batir mai rawa a gurbinsa ba ya daɗewa. Mayar da bututu.

Yanzu a juya tsarin ɗazu: ja farko, baƙi ƙarshe. Danna kan ja har ya zauna ƙasa sosai, matse notin daidai misali. Dalma laushi gare ta, matsi mai yawa na tsage kan. Gwajinsa shi ne ka kama da hannu ka murɗa, in bai juya ba ya isa. Rufe jan murfi. Sai baƙi: ɗora shi sau ɗaya da niyya, ba ka riƙa taɓawa kana ɗagawa ba, don kwamfutoci ba sa son wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Ɗan tartsatsi kaɗan ba komai ba ne, ƙaho ma na iya ƙara, sai ka ɗauko rimot ka danna buɗewa. Shafa ɗan giris siriri a saman kawunan bayan an matse. Ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa ka rubuta wata da shekara a jikin batir.

Kada ka mayar da murfin roba tukuna.

Tayar da ita

Shiga, taka birki, danna maɓalli. Jira READY ta fito. Koma baya da mita ka auna kan batir: ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Wannan shi ne shaidar cewa mota na ciyar da shi. In ka ga 12 da 'yan kai kawai alhali READY na kunne, to matsalar ba ta batir kaɗai ba ce. Ko fis ya tafi, ko waya ta saki, ko na'urar da ke rage wutar ce. Kashe motar ka nemi mai gyaran da ya san irin waɗannan, don in ka ci gaba da yawo sabon ma zai ƙare a hanya.

In awo ya yi kyau, rufe murfi, ka koya wa motar abin da ta manta. Gilashi: ja maɓalli sama har ya rufe ka riƙe daƙiƙa biyu, danna ƙasa har ya sauka duka ka riƙe daƙiƙa biyu. Ƙofofi masu zamewa da ta but, buɗe su ka rufe da hannu har ƙarshe sau ɗaya kafin ka gwada maɓalli. Murɗa sitiyari iyakarsa hagu, iyakarsa dama, ka dawo tsakiya. Gyara agogo. Allon rediyo kan ɗauki ɗan lokaci kafin komai ya dawo masa, kada ka tsorata. Yi tafiyar minti ashirin, ka kashe, ka sake tayarwa. Yawancin fitilun gargaɗi da kansu suke mutuwa bayan tashi biyu ko uku. Wanda ya nace sai an jona na'urar bincike. Sai dai ka sani, daga ƙirar 2018 kamfanin ya sa wani shinge a tsarin kwamfutar, ƙananan na'urori masu araha na iya karanta laifi amma ba sa iya goge shi, don haka tambayi mai gyara ko tasa na wucewa kafin ka biya.

In bayan kwana uku ko huɗu sabon batir ya sake kwantawa, akwai ɓarawon wuta. Mota mai barci abin da take sha bai kamata ya wuce wajen miliamfa 50 ba. Fara zargin abin da aka ƙara mata bayan ta iso: na'urar bin sawu, allon kallo na yara, caja da aka jona kai tsaye. Wanda kuma zai ajiye mota ya tafi Hajji ko doguwar tafiya, ya bar wa wani amana ya riƙa kunna ta zuwa READY rabin awa duk mako, a fili ba cikin rufaffen gareji ba, don injin fetur na iya tashi da kansa ya cika wuri da hayaƙi. Kuma ina roƙo, kada a mai da wannan mota abin tayar da manyan motocin unguwa. Ba a yi ƙaramin batirinta da na'urar cajinsa don jan kik ɗin babbar mota ba.

Tsohon batir kada ya kwana a tsakar gida. Dalma ce da ruwan guba a cikinsa, yara kuma ba abin da ba sa fasawa. Mutanenmu ba su manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara wajen 400. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Ɗauke shi a tsaye, ka mayar wa mai shagon da ya sayar maka da sabo, da yawansu na karɓa su rage maka wani abu, ko ka kai wa masu sayen tsofaffin batir a rufe yadda yake. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.